Yadda za ka fitar da jerin Fibonacci a Python

'Yan Kaduna masu koyon Python, ku gwada wannan. Jerin Fibonacci lambobi ne da ke farawa da 0 da 1, daga nan kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce.

Fara da def fibo(): a ƙasa ka rubuta a, b = 0, 1

Sai while True: cikinsa yield a, layi na gaba a, b = b, a + b. Wannan yield ɗin shi ne sirrin wallahi, lamba ɗaya yake miƙo maka sai ya tsaya ya riƙe inda ya kwana har ka sake nema, shi ya sa ko tsohuwar laftof ba ta jin nauyinsa.

Yanzu g = fibo(), kana ta kiran next(g) za ka ga 0, 1, 1, 2, 3, 5, 8.

Kar ka kuskura ka yi list(g) fa, ba ya ƙarewa, memori zai cika kwamfutar ta maƙale. In goma kawai kake so, yi import itertools sannan list(itertools.islice(fibo(), 10))