Darasi Na Shida: Yadda Gida, Al'ada Da Makaranta Suke Gina Yaro

Yaro yakan fara koyo tun kafin a saya masa allo. Masana lafiya suna ba da muhimmanci ƙwarai ga kwanaki 1,000 na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwarsa take girma da sauri. Shi ya sa ake son a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. Bayan abinci kuma sai magana. Uwar da take tankaɗe da goyo a bayanta, tana ce masa "ga rariya, ga gari", tana amsa masa idan ya yi gwaranci, ta riga ta fara koya masa harshe.

Al'adarmu tana da abubuwa masu amfani, kamar tatsuniya da kacici-kacici, waɗanda suke koya wa yaro sauraro da riƙe zance. Amma akwai wurin da ya kamata mu tsaya mu duba, wato kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. A babban gida wannan bai cika cutar da yaro ba, domin kaka da goggo da matan gida suna ɗaukarsa, suna yi masa tawai da waƙa. Yau kuwa ma'aurata da yawa suna zaune su kaɗai a gidan haya, kuma idan uwa ta kawar da kai, babu wanda zai maye gurbinta. A ganina tana iya ci gaba da kiransa da laƙabi, amma kada ta hana shi hira da runguma.

A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Sai dai yarinyar da ta kai dare wajen talla, gyangyaɗi za ta yi a aji, komai ƙwazon malaminta.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya karɓi littafin ɗansa ko 'yarsa bayan sallar isha'i, ya ce a karanta masa shafi ɗaya, sa'annan ya zo aji ya faɗi abin da ya ji.