Yadda Ake Kama Gizo-gizo a Duba Jikinsa Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Kayan aikin ba su da yawa: kofin gilashi, kwali mai ɗan tauri, tocila da kyamarar waya. Kife kofin a kansa, ka zura kwalin ta ƙasa sannu a hankali. Idan bakin kofin ya danne masa ƙafa, zai yar da ita ya tsere, kai kuma lissafinka ya ɓaci.

Fara da ƙirga ƙafafu. Takwas ne, kuma duk a sashen gaba suke, inda kai da ƙirji suka haɗe wuri guda. Ƙuda da tururuwa shida gare su. Shi gizo dangin kunama da kaska ne, ba shi da fiffike. Wanda ya ƙirga goma ya haɗa da wasu gajerun hannuwa biyu da ke gefen baki. A nan ake gane jinsi: idan ƙarshen hannuwan ya kumbura kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe, namiji ne da ya balaga, da su yake kai wa mace maniyyi.

Sai ka juya kofin, kwalin yana rufe da bakinsa, ka ɗaga ka leƙa ta gindin gilashin. A ƙarshen ciki akwai ’yan tsinkayen da zare ke fitowa, galibi shida. Zaren ruwa ne a cikin jiki, jan da ake masa ne ke mai da shi ƙarfaffa. Kada ka matsa cikin, laushi gare shi, yana fashewa.

Idanu yawanci takwas ne, amma sai ka zuƙo hoton sosai. Baki kuwa fiƙa biyu ne masu zuba dafi. Ba ya haɗiye abu mai tauri, narkar da ƙwaro yake yi ya tsotse.

In ka ga jan tabo ko ruwan lemo mai siffar kalangu a ƙarƙashin ciki, da ƙunshin ƙwai mai tsini kamar ƙarangiya a yanarsa, kada hannu ya kusance shi, dafinsa na taɓa jijiyoyi.

Kada ka haɗa biyu a kofi ɗaya, ɗaya na iya cinye ɗaya. Kada ka bar kofin a rana. Wanda ka tarar a yana a bushe, ba nauyi, sau da yawa saɓa ce ya yi, ba mutuwa ba. Mataccen ƙafafunsa naɗewa suke yi, don matsin jini ne ke miƙe su. Minti goma ya isa, ka sake shi a gindin katanga.