Ku riƙa juya gwangwani kafin ku saya

'Yan uwa masu sayen miyar gwangwani da kayan maƙulashe na leda, kada hoton gaba ya ɗauke muku hankali, ku juya baya ku karanta.

Ku fara da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Kamfanoni da yawa sodiyam suke rubutawa, wato sinadarin da ke cikin gishiri, to ku ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Ku kuma duba ko lissafin na gwangwanin duka ne, domin sau da yawa ana ƙirga shi cin mutum biyu, alhali mutum ɗaya ke shanye shi tas. Jerin kayan haɗi kuwa da abin da ya fi yawa ake farawa.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya lotsa ta bakin murfi, ko yake yoyo, ku bar shi ko da an karya farashinsa. Yana iya ɗauke da guba mai shanye jiki, kuma ba lalle wari ya tona ta ba.

Iskar da ke cikin ledar soyayyen dankali galibi naitirojin ce, tana hana shi murƙushewa da saurin lalacewa. Don haka nauyin da aka rubuta za ku kwatanta, ba girman ledar ba.