Yadda Ake Haɗa wa Baƙuwar da Miji ke Duka Taimako a Legas

Yawancin matan da ke zuwa wurinmu a Agege da Idi-Araba 'yan Nijar ne, sai ɗaiɗaiku daga Chadi da Kamaru. Ba Turanci, ba Yarbanci, takardunsu kuma suna hannun miji. Sabbin masu taimako da sun ji labari sai su garzaya fadar sarkin Hausawa a kira mijin a yi sulhu. 'Yar'uwa, kada ki fara daga nan. Sulhu yana da ranarsa, amma ba ranar da idonta yake a kumbure ba.

Asibiti ne farko. Ki sa likita ya rubuta rahoto, ki ɗauki hoton raunukan da yardarta. In da fyaɗe a ciki, ki kai ta Mirabel Centre, cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Kyauta ne, kuma maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72.

Sai batun tafinta, inda ni na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Wata mata ce na bar wani ɗan garinsu ya fassara mata a ofishin 'yan sanda saboda yana jin Zabarmanci. Ta ce mijin ya shaƙe ta har ta suma, shi kuwa ya ce wa ɗan sandan “saɓani suka ɗan samu”. Ashe abokin mijin ne. Kafin magariba mijin ya san gidan da muka sauke ta. Tun daga ranar, tafintata mace ce, ba 'yar unguwarsu ba, ba ta da alaƙa da dangin miji ko majalisarsa. Ki tambayi matar a keɓe ko ta san tafintar. Kuɗin motar tafintar kuwa ki tanade shi, domin zirga-zirgar Ikeja tana cin kuɗi.

Mutum ɗaya ya riƙe fayil ɗin, kwafin komai a jaka guda, don kada a riƙa sa ta maimaita labarin a kowane ofis.

Daga nan ki kai ƙara hukumar DSVA ta jihar Legas, mai yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, ki nemi su taimaka da mafaka. Dokar jihar ta 2007 ta ba kotu ikon hana mijin kusantar ta, kuma ofishin OPD, na lauyoyin gwamnatin jihar masu kare marasa ƙarfi, yana ba da lauya kyauta. In da sunan aikatau aka yaudaro ta, NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, za ki nufa. Ki sa mata lambobin kiran gaggawa 112 da 767 a waya, wayar da mijin bai san lambarta ba.