In tsoho ya fara mantuwa kuma makullin mota na hannunshi, ga yadda za a bi

A nan Maradi in Baba ya fara maimaita tambaya guda sau uku a zama ɗaya, ko ya biya mai shago kuɗi ya koma ya sake biya, abin da muke cewa shi ne ai tsufa ne, wasu ma su ce sammu aka yi mishi a kama hanyar gidan malam. Alhali mutumen nan kullum yana tada mota ko moto ya ratsa babbar kasuwa cikin ƴan kabu-kabu da adaidaita da amalanken shanu da yara masu talla. Ni dai a ganina kuskure biyu ake yi, ko a zuba mishi ido har sai ya kaɗe wani, ko ɗiyanshi su taru rana ɗaya su ƙwace makulli kamar sun kama ɓarawo. Duka biyun ba su yi ba, asibiti ake fara zuwa.

Cutar mantuwa ciwo ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ke samunta ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. Cutar iri-iri ce, wadda ta fi yawa ita ce Alzheimer, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, sai wadda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar jiki saboda jini baya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, kuma kun san yadda tansiyo ta yi mana yawa ba a aunawa.

Kafin ku je likita ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani da ranar da ya faru. Mantuwar inda aka aje carbi ba komai ba ce, kowa na yi. Amma mutum ya fito daga masallacin da ya shekara talatin yana sallah ciki ya rasa kwanar gidanshi, ko ɗan kasuwar da ke lissafin sefa da naira da ka yanzu canjin jaka guda ya gagare shi, ko mai sanyin hali ya koma zargin matarshi da sata, wannan kam a rubuta. Ranar zuwa asibiti wanda ke kwana gida ɗaya da shi ya raka shi, don shi da kanshi zai ce lafiyarshi lau, kuma a kwashi duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya da na ƴan tebur. A fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a nemi takardar turawa babban asibiti. Can za a auna jini da sukari, a yi mishi tambayoyi kamar yau wace rana, a ba shi kalmomi uku ya riƙe, a ce ya zana agogo, in da hali a ɗauki hoton kai.

Dalilin gaggawar shi ne ba duk ruɗewa ce wannan cutar ba. Ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, damuwa mai tsanani, maganin barci, raunin ji, ko jini da ya taru a kai bayan faɗuwa daga moto, duk suna kama da ita kuma suna da magani. In kuwa ruɗewar cikin kwana ɗaya ko biyu ta zo, musamman da zazzaɓi ko karkacewar baki, ba a jiran gobe, a tafi a lokacin. Ita Alzheimer ba ta warkewa, magani irin su donepezil sauƙi kawai suke kawowa na wani lokaci, amma sanin ta da wuri na ba mutum damar tsara dukiyarshi da basussukanshi da bakinshi tun hankali na nan.

To batun tuƙi. Likita ya faɗi sunan ciwon ba ya nufin a ranar an gama, wasu a farko-farko suna iya ci gaba na ɗan lokaci, likitan za a tambaya kai tsaye. Sannan ɗaya cikinku ya shiga gaba ya zauna kusa da shi ya yi shiru, kar ya nuna hanya, ya duba: yana duban madubi kafin ya karya kwana? In an zo shatale-tale yana tsayawa cak a tsakiya ana ta danna mishi oda? Ƙafarshi na neman birki ta taka totur? Ku zagaya motar ma, sabon karce a gefe da fitilar baya da ta fashe kuma bai san inda aka yi ba, shaida ce babba.

In ya tsallake wannan gwajin lafiya, sai a rage mishi tuƙin. Rana kawai, hanyar da ya sani, gida zuwa shago zuwa masallaci, banda bayan la'asar sakaliya don masu wannan ciwon sun fi rikicewa in magariba ta gabato. Banda ɗaukar jikoki, banda ranar ruwa ko hazo, banda doguwar hanya irin ta Dan Issa zuwa Jibiya ko titin Damagaram da manyan motoci ke gudu. A koma wurin likita duk wata shida, don ciwon gaba yake yi. Wanda kuwa tuƙin ne sana'arshi, direban tasha ko ɗan kabu-kabu mai ɗaukar rayukan mutane, ni ban ga wani rage-rage ba, ya sauka kawai, dangi su haɗa mishi wata madafa.

Ranar da ya ɓace a hanyar da ya sani, ko ya hau hannun da ba nashi ba, ko ya taɓa wani, tuƙi ya ƙare ko da permi ɗinshi bai mutu ba. Maganar kuma ba a gaban surukai da yara ake yinta ba. A samu amininshi ko limamin unguwa ko likitan ya faɗa mishi, ɗa kuma ya ce "Baba ku huta hakanan, ni zan riƙa kai ku, ku bar min ladar." Zai iya yarda yau gobe ya manta ya nemi makulli, kar a yi gardama, a kai motar gidan wani ɗan'uwa inda ba zai riƙa ganinta ba. A yi yarjejeniya da mai adaidaita guda da aka sani ana biyanshi duk wata, ya kai shi Juma'a da kasuwa da gaisuwar mutuwa kamar yadda ya saba, sannan a rubuta sunanshi da unguwa da lambar waya biyu a takarda a sa a aljihun duk rigar da zai fita da ita.