Sabon takalmin siki: yadda za ka zaɓe shi ya zauna maka a ƙafa

Mu fa tun muna yara an saba mana da sayen takalmi da girma. Takalmin sallah a sayo maka lamba biyu sama da ƙafarka, a cusa takarda a gaba, a ce ai yaro girma yake, baɗi ya cika shi. Toh wannan ɗabi'ar ce ta bi ni har Turkiyya, ita ce kuma ta cinye min kuɗi shekarar da na gaji da takalmin haya a Uludağ, dutsen nan na kusa da Bursa inda ake wasan siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara, na ce bari in sayi nawa. Na shiga wani shago, na sa wanda ya min daɗi, yatsuna suna wasa a ciki, na biya na fito ina murna. Kwana uku kacal ina zamiya da shi farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin, ƙwaurina kuwa kamar an dake ni da gora. Ashe yawa ya yi min. Ƙafar tana zamewa gaba ta bugi bakin takalmin duk sanda na taka birki, ni kuma ina ta ƙara ɗaure maɓallan ina tsammanin shi ne magani, jini ya daina gudu, sanyi ya ƙarasa ni.

Don haka abu na farko, ka manta da lambar takalminka na yawo, 42 ko 43 ɗin nan ba ta aiki a nan. Takalmin siki da lambar Mondopoint ake auna shi, kuma ba wani abu ba ne illa tsawon ƙafarka a santimita. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa jikin bango, ka tsaya dunduniyarka ta taɓa bangon, wani ya ja maka layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, ka auna. Ƙafa biyun duka, don da wuya su zo daidai. Tawa ta dama 26.4 ce, ke nan 26.5 ne nawa, amma 28.5 na je na kwaso, kaga kuwa dole a sha wuya. Kuma yawancin kamfanoni ɓawon roba ɗaya suke yi wa 26 da 26.5, kar ka tsaya jayayya da mai shago a kan rabin lamba.

Sai faɗi, wanda mutane ba sa tambaya. Ana rubuta shi a milimita: 97 zuwa 98 na masu siririyar ƙafa ne, 100 matsakaici, 102 zuwa sama na masu faffaɗa. Irin ƙafata da ta tashi a silifas ba ta san matsi ba, ta baje abinta, ni 102 ne ya karɓe ni. In takalmi ya matse ka ta gefe, mai faɗi za ka nema a lambarka, ba ka hau lamba ta gaba ba. Wannan kuskuren shi ne ya fi kama mutane. Akwai kuma lambar tauri da za ka gani manne da sunan takalmin, 80, 100, 120, 130. Sabon shiga namiji ya tsaya wajen 80 zuwa 90, na mata yawanci ƙasa da haka suke farawa, wajen 60 zuwa 70, mai jiki sosai zai iya ɗan haurawa. Amma lambar ba ta da ma'auni ɗaya, 100 ɗin kamfanin Salomon ba lallai ya zama 100 ɗin Lange ko Nordica ba, sai ka sa ka lanƙwasa ka ji. Kuma ka tuna shago da ɗumi, roba tana laushi a ɗumi, in ka fita kan dusar ƙanƙara sai ta ƙara tauri.

Karo na biyu wani abokina ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran takalmin siki, irin waɗanda Turkawa ke ce wa usta. Bai ma bar ni na sa takalmin yadda yake ba. Ya zare soson ciki gaba ɗaya ya ajiye gefe, ya ce in zura ƙafata cikin ɓawon robar haka nan, in matsa gaba har yatsuna su ɗan taɓa bakin, sannan ya haska tocila ta baya ya zura yatsunsa tsakanin dunduniyata da robar. Wannan gwajin kai ma za ka iya yi. In gurbin ya kai santimita 1.5 zuwa 2, wato yatsa ɗaya da rabi zuwa biyu, lafiya lau. In ya wuce haka ya yi maka yawa, komai daɗin da za ka ji in an mayar da soson. Da muka gwada tsohon nawa kusan yatsunsa huɗu suka shige, ya kalle ni ya girgiza kai kawai.

Yanzu a mayar da soso ka sa takalmin sosai. Da yamma ya fi, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za ka yi wasan da ita. Safa ɗaya tal, siririya, doguwa har ƙasan gwiwa, ta ulu irin merino ko ta roba-roba, ban da ta auduga don tana riƙe gumi. Na san zuciya za ta ce a ninka biyu saboda sanyi, wallahi kar ka fara, ninki yana naɗewa ya yi maka bororo kuma ya matse jijiyoyin jini, ƙafar ta fi yin sanyi. Dogon wandon ciki ma kar ka cusa shi a takalmin, ka naɗe shi sama, ba abin da zai shiga sai safa. Ka yanke farce tun a gida.

Sakawar ma da yadda ake yi. Ka buɗe maɓallan duka, ka ja harshen takalmin gaba da ɗan gefe, ka zura ƙafa, ka gyara harshen ya kwanta a kan ƙwauri, sai ka buga dunduniyar takalmin a ƙasa sau biyu uku don diddigenka ya koma mazauninsa. Fara ɗaure na sama, biyun da ke ƙwauri da bel ɗin nan mai manne, ka lanƙwasa gwiwa gaba 'yan lokuta, sannan ka zo kan biyun ƙasa. Su na ƙasan da yatsa ɗaya ya kamata su rufu, aikinsu kusan hana dusar ƙanƙara shiga ne kawai, in ka danne wanda ke kan gadon ƙafa da ƙarfi nan da nan yatsu za su sage. Yawancin maɓallan ana murɗa su kamar noti su ƙara tsawo ko su rage kaɗan-kaɗan, ka yi amfani da wannan maimakon tsallake haƙori guda.

Ga inda mutane ke tsorata su gudu: in ka miƙe tsaye sak, yatsunka za su taɓa gaba. Haka ake so. Ka tura gwiwa gaba ƙwaurinka ya jingina da harshen, za ka ji yatsun sun ɗan ja baya sun sami sarari, dunduniya kuma ta zauna daram ba ta ɗagawa. Riƙo ne kamar wanda ya kama hannunka da kyau wajen gaisuwa, ko'ina ya taɓa amma ba inda ke suka. Ka zauna da shi a shagon minti 20 ko fi, kana tsayawa kana lanƙwasawa, ko mai shago ya fara kallon agogo kar ka damu, kuɗinka ne.

Soson ciki yana lotsawa da amfani, bayan kwana biyar zuwa goma na wasa za ka ji takalmin ya saki, shi ya sa wanda ya yi maka daɗi ranar farko zai zama kwale-kwale daga baya. Kafin ka je dutse ka riƙa sa shi a gida minti 15 zuwa 30, a tsaye, ba a kishingiɗe kana danna waya ba. Da yawa daga sababbin takalma ana gasa sosonsu, wasu har ɓawon, a wata na'ura a shago, a sa maka da ɗuminsa ka tsaya kamar minti goma ya ɗauki siffar ƙafarka, ka tambaya ko naka yana cikinsu. Kar dai ka gwada da abin gashin kicin. Ranar farko a kan dutse ka sassauta maɓallan ƙasa duk sanda ka hau kujerar da ke ɗaga mutane sama, ka mayar in ka sauka.

Ka kuma bambanta matsi da ciwo. Matsi ko'ina daidai zai wuce. Amma wuri ɗaya da ke ci maka kamar ƙusa, idon sawu ko ƙashin gefen ƙaramin yatsa, wannan ba haƙuri ne maganinsa ba. Ka cire safa ka ga inda ya yi ja, ka koma wurin mai gyara, zai ɗumama robar ya tura ta waje daidai wurin ko ya ɗan kankare ta ciki. Ni milimita kaɗan aka tura min a gefen ƙafar dama, shikenan na huta. Ƙaramin takalmi ana iya buɗa shi, babba kuwa sai dai cike-cike da soso wanda ba ya daɗewa. Shimfiɗar ciki da ke zuwa da takalmi ma yawanci fanko ce, in tafin ƙafarka shimfiɗaɗɗe ne ka sa mai tallafi, ni bayan girman takalmi ba abin da ya canza min wasa kamarta.

In ka cire don alwalar azahar ka goge ƙafa ta bushe ƙayau har tsakanin yatsu kafin ka mayar, ina tafiya da ƙaramin tawul da safa ta biyu a jaka saboda haka. Da dare ka zare soson ya sha iska, nesa da hita, ka rufe maɓallan sako-sako don robar kar ta baje. Kar ka bar shi ya kwana a but ɗin mota, na taɓa yi a Erciyes, wani dutsen siki a Turkiyya, da safe sai da mutum biyu suka buɗe min bakinsa kafin ƙafata ta shiga.

Saura abu ɗaya da bai kamata ka tsallake ba. A gefen dunduniyar takalmin akwai wata lamba a milimita, irin su 305, tsawon tafinsa ke nan, kuma da ita ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan siki. Ka canza takalmi, dole a sake saiti, ko da lambar ƙafa ɗaya ce. In tafin naka GripWalk ne, wato irin tafin roba mai ɗan lanƙwasa da ke sauƙaƙa tafiya, ka tabbata maƙalin yana karɓarsa. Ka kai wa masu shago takalmin da sikin tare, za su tambayi nauyinka da tsawonka da shekarunka da matakin iyawarka, ka faɗa musu gaskiya, don da wannan lissafin ne maƙalin ke sakin ƙafarka in ka faɗi kafin gwiwa ta murɗe.