Yadda ake gane makamin dutse na mutanen farko

A 2025 masu bincike suka sanar da samun ɓallin duwatsu 7 a Calio, cikin tsibirin Sulawesi na Indonesiya, masu shekara aƙalla miliyan 1.04. Ko ƙashin mutum ɗaya babu a wurin. Duwatsun ne kaɗai shaidar cewa wani ya tsallake teku ya iso. Hanyar da aka bi aka gane su za ta yi maka aiki ko a bakin Gulbin Rima.

Da farko, kar ka ɗaga dutsen. Ɗauki hotonsa inda yake, da ƙasar da ke sama da ƙasansa.

Sai ka nemi alamar duka. Ɓallin da hannu ya fitar yana da ɗan shimfiɗaɗɗen kai inda aka buga, kusa da shi akwai ƙullutu, sannan wasu zobba na bazuwa kamar an jefa tsakuwa a tafki. Ruwan gulbi ma yakan fasa duwatsu, amma barkatai, kuma yakan dakushe baki. Mutum kuwa yakan maimaita sara a gefe guda, bi da bi, har kaifi ya fito. Wanda muke kira gatarin aradu, mai santsi, goga shi aka yi, kuma na baya-bayan nan ne ƙwarai.

Auna shekaru shi ne mai wuya, domin ba dutsen ake aunawa ba, abin da ya binne shi ne. A Wolo Sege na tsibirin Flores a Indonesiya, tokar aman wuta da ta rufe makaman ta nuna kusan shekara miliyan 1. A Calio, muƙamuƙin wani tsohon alade da maganaɗisun ƙasar wurin aka gwada. Gwajin kabon da aka fi ji ba ya wuce shekara 50,000.

Duba kuma abin da ke kusa. A Kalinga ta tsibirin Luzon a ƙasar Filifin, makamai 57 ne tare da ƙasusuwan karkanda masu tabon yanka, shekara 709,000. A ganina wannan ta fi kowace shaida ƙarfi.

In tsibiri ne, a tambaya: ya taɓa haɗewa da babban yankin ƙasa? In bai taɓa ba, sai an tsallake teku ake isa. Tsibirin Java na Indonesiya ya haɗe da nahiyar Asiya lokacin da teku ya ja baya, Sulawesi da Flores ba su taɓa ba.

Naka kuwa, kai hoton zuwa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ko sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, dutsen na nan inda ka gan shi.